Baƙin Kwalin Baba

Ranar da suka fara haɗuwa, korar ta ya zo yi.

Auta ta kafa ƙafa-ukun kyamararta a filin da ke bayan wani sabon kanti mai hawa huɗu, wanda za a buɗe da wasan wuta da zarar rana ta faɗi. Mahaifinta aka ba aikin hoton, shi kuwa ya ce bayansa na ciwo, ya turo ta. Shekara uku tana ɗaukar hoton fasfo da na jarirai a shagonsa, amma ba ta taɓa ɗaga kyamara ta dubi sama ba.

Tana cikin murɗa dogon gilashin da ta ɗaura wa kyamarar, sai ta ji sallama a bayanta. Wani dogon saurayi ne da wayar lantarki naɗe a kafaɗa, girarsa ta hagu kuma rabi ce.

"Baiwar Allah, kin shigo cikin igiya. Nan inda kike tsaye toka ke sauka."

"Ba toka na zo ɗauka ba, wuta na zo ɗauka."

"To ai wutar tawa ce, ni zan tashe ta. Ashana ake ce mini a wurin aiki." Ya karkata kai ya dubi gilashin. "Da wannan za ki ɗauka? Wannan ai na ɗauko tsuntsu ne daga kan bishiya. Wutata in ta buɗe rabin sama take cikawa. Ki sa gilashi mai faɗi, sannan ki koma can inda iska za ta buso ta bayanki. In ba haka ba hayaƙi za ki kai gida."

Auta ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Wanda ya kasa tsare girarsa ne zai koya mini aikina?"

Ya shafa girar, ya yi dariya, ya wuce abinsa.

Ta fita daga igiyar dai, amma taurin kai ya hana ta canza gilashi, ya hana ta canza wuri. Da wuta ta tashi, kyamara ta rikice. Gilashi ya dinga shiga yana fita yana neman abin kamawa a cikin duhu, filas ya dinga haska ƙeyar wani mai sanƙo da ke gabanta, hayaƙi ya rufe sauran. Ta latsa wannan, ta murɗa wancan, har ta manta wanne ta taɓa. Minti takwas aka yi, ta ɗauki hoto ɗari biyu, kuma wanda ya fi fita a cikinsu shi ne na sanƙon.

Tana naɗe kaya tana haɗiye hawaye, sai ga shi ya dawo.

"Don Allah in gani? Ban taɓa ganin wutata ba."

"Kai da kake tashinta?"

"Ina ƙarƙashinta, kaina a sunkuye kan allon maɓallai. Ihun mutane kawai nake ji, da shi nake gane ta yi kyau."

Wannan maganar ce ta kama ta, ko da yake sai da aka yi makonni ta yarda. Ta miƙa masa kyamarar. Ya daɗe yana kallon sanƙon.

"Ma sha Allah, ashe haka nake haskawa," in ji shi. "Ranar Asabar akwai wani wasan. Ba ni lambarki in turo miki jerin yadda za su tashi."

Washegari ta je wurin Baba da hotunan. Ya kusanto da fuskarsa har hancinsa na neman taɓa allon kwamfuta, ya yi tsaki.

"Kashe filas, sama ba ta jin filas. ISO ɗari. Ƙofar haske sha ɗaya. Kada ki bar kyamara ta nemi fokas da kanta, ki murɗa shi da hannu zuwa can ƙarshen nesa, ki manne da salatif. Sai ki bar idonta a buɗe sakan huɗu, kada ki taɓa ta. Wuta ce za ta zana kanta."

Bai san yana share wa wani hanya ba ne.

Ranar Asabar, a bayan motar kayansu, Ashana ya ga wutarsa karo na farko a allon kyamarar Auta: wani farin fure mai jela, kowane zare a fili. Ya riƙe kyamarar da hannu biyu kamar an ba shi jariri. Daga ranar kuwa waya ba ta huta ba.

"Mai Ƙafa Uku, gobe fari ne zai fara, yana da ƙarfi, ki matse ƙofa zuwa sha shida. Shuɗi rago ne, ki buɗe masa zuwa takwas. Ni kuma har yau ban san lambar da zan sa ba in na gan ki, komai fari yake yi mini."

"Ashana, bar surutu ka kula da ɗaya girar. Ita kaɗai ta rage mini abin kallo."

"To kin yarda kina kallo ke nan."

Ta ajiye wayar ta ɗauka sau uku. Ita kanta ba ta san ko wutar take so ko mai wutar ba, har sai da wani wasa ya faɗa ranar ruwan sama aka fasa, ta ga ba wutar take kewa ba.

Da wata biyar suka cika, ya zo gaida Baba a shago. Ya durƙusa, ya gaishe shi da ladabi. Baba ya ja hanci.

"Warin mene ne wannan?"

"Albarushi ne, Baba. Na yi wanka sau biyu, ba ya fita."

"Kuma aikin naku yau kuna wannan gari, gobe kuna wancan?"

"Haka ne, Baba."

"Wanda ke wuni da albarushi ba ya yi wa 'yar mutane alkawarin gobe. Ka gaida gida."

Baba yana da nasa ɗan takarar: Mai Kanti, wanda ke sayar da kayan kyamara ƙofa biyu daga shagon. Mutumin kirki ne, ba shi da aibu, sai dai zancensa gaba ɗaya lambobi ne. Zai shigo da sabon gilashi ya ce ta gwada, ya zauna ya karanta mata abin da ke jikin kwalinsa har ta fara hamma. Inna kuwa, duk lokacin da aka tayar da maganar a gida, murmushi kawai take yi ta ci gaba da ninke kaya.

Duk da haka Baba bai hana Auta aiki ba. Da aka ba su aikin hoton wasan wutar rufe gasar ƙwallo a babban fili, sai ya buɗe durowa ya ciro wani baƙin kwali, gefensa duk ya cinye don tsufa.

"Ki bar idon kyamara a buɗe, ki rufe gaban gilashi da wannan. Wuta ta fashe, ki janye. Ta mutu, ki mayar. Wata ta fashe, ki sake janyewa. Sai ki tara wuta uku huɗu a hoto ɗaya."

Da yamma saƙo ya shigo.

"Haskena, yau oga zai riƙe mini allo na ɗan lokaci. A minti na uku kore zai tashi, zan zo in tsaya jikin ƙarfen shinge, daidai inda kyamararki ke kallo, ki haɗa ni da wutata a hoto ɗaya. Bayan kore akwai duhu sakan sha biyar, sai ja. Kafin ja dole in koma, don jan oga ba ya taɓa mini shi."

Ta yi yadda Baba ya ce. Idonta na sama, hannunta na kan kwali, tana ƙirga a zuci. Kore ya fashe, ta janye, ta mayar. Ja ya fashe, ta janye, ta mayar. Ta koma gida tana jin kanta kamar ta gama da duniya.

Da safe ta buɗe hoton a kwamfutar shago. Sama ta yi kyau, kore da ja sun rungumi juna. A ƙasa, jikin shinge, ga Ashana yana murmushi. Ga kuma wata mace da dogon gyale, ta kwantar da kai a kafaɗarsa.

Auta ta rufe hoton ta sake buɗewa, matar ba ta tafi ba.

Baba ya zo ta bayanta, ya sunkuya, ya daɗe.

"Da kwalin kika ɗauka?"

"Da shi, Baba."

Ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, ya rufe. Sannan ya miƙe yana gyara hula.

"Hoto ba ya ƙarya, Auta."

Ta tura wa Ashana hoton ba tare da ko kalma ɗaya ba. Ba a yi minti biyu ba amsa ta zo.

"Ni ne wannan, rigata ce. Amma wallahi ni kaɗai na tsaya. Wace ce?"

"Ni kake tambaya? Kafaɗarka ce ko tawa?"

"Haskena, na rantse ban ji nauyin kan kowa ba."

Bayan kwana biyu wani saƙon nasa ya sake shigowa.

"Na tambayi oga, na tambayi masu gadi, na tambayi mai sayar da ruwa. Ba wanda ya san ta. Ni kaina na fara shakkar kaina. Jiya na kwana da fitila a kunne. Idan aljana ce, ki taya ni addu'a maimakon fushi."

Da wani lokaci ne da ta yi dariya. Yanzu kuwa kuka ta yi, ta kashe wayar. Ita ta ɗauki hoton da hannunta, ita ta manna salatif, ita ta ƙirga sakan. Wa za ta ƙaryata, idonta ko zuciyarta? Kishi kuma ba ya barin mutum ya yi lissafi.

Ashana bai sake shiga shagon ba, tunda an ce ya gaida gida. Amma kullum da la'asar zai zo ya tsaya tsallaken titi, jikin shagon tela, har a rufe. Tela ya gaji ya ba shi kujera, ya ƙi zama. Mai Kanti kuwa ya shigo da gilashi biyu a rana ɗaya. A kwana na takwas Baba ya ce magabatan Mai Kanti suna son zuwa ranar Lahadi, in ta amince.

"Su zo," in ji Auta, don haushi.

Ranar Asabar da hantsi Inna ta same ta a ɗaki ta kifa fuska a filo.

"Wai ni kam nuna mini hoton nan da ya hana gidana cin abinci."

Ta sa tabarau, ta karɓi wayar, ta ja hoton ya girma. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Auta ta ɗauka kuka take taya ta, ashe dariya ce, har da riƙe ciki.

"Inna, abin dariya ne?"

"Taso, uwata, taso ki ga."

Ta ja ta zuwa falo, gaban hoton da ke rataye sama da talabijin tun kafin a haifi Auta: Baba da Inna suna matasa, kafaɗa da kafaɗa, sama cike da tartsatsi a bayansu.

"Kin san ranar da aka ɗauki wannan ban san ubanki ba? Ko sunansa ban taɓa ji ba."

"Ga ku nan tare, Inna."

"Tare a takarda. Ya hango ni ina tsaye ni kaɗai, ya janye kwalin nan nasa, ya mayar. Da na tafi, ya ba abokinsa kwalin, ya je ya tsaya kusa da inda na tashi. Bayan mako ɗaya sai ga mutum a ƙofar gidanmu da hoto, wai in duba in ga yadda muka dace. Kwana uku ina zaton na fara taɓuwa. Dubi fuskata, dubi tasa."

Auta ta matso. Shekara ashirin da huɗu tana wucewa ta gaban hoton nan, yau ta fara ganinsa. Fuskar Inna rawaya ce, ta Baba shuɗiya.

"Wutar da ta haska ni ba ita ta haska shi ba," in ji Inna. "Yanzu dubi naki."

Auta ta sake duba hoton da ke wayarta. Ashana kore ne tun daga hula har takalmi. Matar kuwa ja ce, ita da gyalenta. Ta lalubo saƙonsa ta karanta da ƙarfi: bayan kore duhu sakan sha biyar, sai ja, kafin ja dole in koma. Wata baiwar Allah ce kawai ta ga wuri ya samu jikin shinge, ta jingina ta sha kallonta. Har yau ba wanda ya san ko wace ce.

Daɗi ya zo, kunya ta biyo shi, sannan wani abu mai nauyi ya danne su duka. Ta tuna tambayar da Baba ya yi mata a gaban kwamfuta.

Ta same shi a shago shi kaɗai, yana goge gilashin da ya riga ya goge.

"Baba, ka sani."

Bai ɗago ba.

"Tun kallon farko."

"To me ya sa?"

Ya ajiye tsumman. Da ya fara magana, muryar ba irin ta masu tsaki ba ce.

"Bayana lafiyarsa ƙalau, Auta. Idona ne. Shekara guda ke nan in na leƙa kyamara ban san ko fuska ta fito ko ba ta fito ba. Duk hoton da ya fita daga shagon nan ke kika saita shi, ni latsawa kawai nake. Mai Kanti ƙofa biyu ne, in kin aure shi kina nan. Wancan kuwa yau gabas gobe yamma, ga albarushi. Da na ga hoton sai na ce Allah ya kawo mini sauƙi, ba sai na yi ƙarya ba, shiru kawai zan yi." Ya share ido da bayan hannu. "Na bar ki kina kuka kwana tara don in riƙe shago. Ban kyauta ba."

Ta zo da faɗa a bakinta, ta neme shi ta rasa. Ta durƙusa ta riƙe gwiwarsa.

"Baba, da ka tambaye ni mana. Wa ya ce maka zan bar shagon nan? Shi ke yawo, ba ni ba. Kuma asibiti za mu je ranar Litinin, ko ka so ko ka ƙi."

"Na gaya masa tun bara," in ji Inna daga bakin ƙofa, don ta biyo ta a baya. "Mutumin da ya samu mata da kwali, yanzu zai hana 'yarsa miji da kwalin."

Baba ya tashi ya gyara riga.

"Yana nan tsallake?"

"Yana nan."

"Wanne ne a cikinsu? Inuwa uku nake gani."

"Dogon, Baba. In ka matsa hancinka zai gaya maka."

Suna kallo ta tagar shago ya tsallaka titi a hankali. Ashana ya zube ƙasa yana gaisuwa, Baba ya kamo hannunsa ya ɗaga shi.

"Ɗana, hoto yana ƙarya. Ni na koya masa."

Sai da aka yi wa Ashana bayani sau uku, har da zane a bayan takardar awon tela, kafin ya gane. Ya dafe ƙirji.

"Alhamdulillahi! Ashe mutum ce. Baba, kwana tara ban kashe fitila ba."

Da yamma saƙonta ya same shi.

"Ashanana, ka yafe mini. Na yarda da salatif na ƙi yarda da kai."

"Haskena, na yafe tun kafin ki tambaya. Amma daga yau kafaɗar nan an kama ta, ko aljana ta zo a ce mata ba wuri."

Baba da kansa ya je ya ba Mai Kanti haƙuri. Mutumin ya ce ba komai, Allah ya sa haka ya fi alheri. Ranar biki ma shi ya kawo aron gilashi mai faɗi, ya tsaya ya karanta wa Inna lambobinsa.

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Da rana ta faɗi, abokan aikin ango suka jera bututunsu na harba wuta a filin bayan gida, oga ya riƙe allo ya ce yau ko maɓalli ɗaya Ashana ya taɓa sai ya kore shi daga aiki. Amarya da kanta, cikin kwalliyarta, ta kafa ƙafa-uku, ta sa ISO ɗari, ƙofa sha ɗaya, ta manna salatif, ta ɗora yatsan Baba a kan rimot.

"Wannan hoton ba ya bukatar ido, Baba. Ka ji ƙara, ka latsa, ka ƙirga."

Baba ya ciro baƙin kwalin daga aljihu ya miƙa wa Inna.

"Riƙe. Yau ba aikinsa."

Ƙara ta tashi. Sama ta buɗe da ruwan zinariya, Ashana ya ɗaga kai ya ga wutarsa da idonsa, bakinsa a sake. Auta ta kwantar da kai a kafaɗarsa.

"Kada ku motsa!" in ji Baba. "Ɗaya, biyu, uku, huɗu."

Kafin kowa ya kai ga kyamarar, Inna ta riga ta sa tabarau. Ta duba fuskar ango, ta duba ta amarya, ta sake dubawa don kada a yi mata irin ta da.

"Kala ɗaya ne," in ji ta. "Waɗannan kam tare suka tsaya."

Baba ya lalubo kawunansu ya dafa, hannu ɗaya a kan kowanne.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Allah ya sa haske ɗaya ya yi ta haska ku har tsufa."

Kowa ya ce amin. Inna ta cusa kwalin a jakarta, ta kamo hannun rigar Baba ta ja shi gaban kyamara.

"Auta, saura wuta nawa?"

"Ɗaya, Inna."

"To ɗauke mu. Shekara talatin ina jiran na gaskiya."